Yadda Za Ki Ƙirga Numfashin Yaro a Lokacin Hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan iska ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Cadi ta lulluɓe Njamena, Kuseri, Marwa har Garwa, da wuya ki shiga gidan da ba yaro mai tari. Yawanci mura ce, za ta wuce. Abin tsoro shi ne nimoniya, wadda wasu ke kira ciwon haƙarƙari, kuma ba a gane ta da ƙarfin tari. Da saurin numfashi ake gane ta.

Iskar da yaro ya shaƙa, hanci ne ke fara tace ta da gashi da majina, ya ɗumama ta. Daga maƙogwaro ta gangara bututun iska, wanda zobban guringuntsi ke riƙe da shi a buɗe. Bututun ya rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi huhun dama mai sassa 3, ɗayan ya nufi na hagu mai sassa 2, don zuciya ta ci masa wuri. A ƙarshen rassan akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, miliyoyi bila adadin, ta siririn bangonsu oksijin ke ratsawa cikin jini. Mura a hanci da maƙogwaro take tsayawa. Nimoniya kuwa jakunkunan nan take cika wa da ruwa da mugunya, huhu ya yi tauri, dole yaro ya riƙa ja da sauri don ya cike giɓin.

Ki bari sai ya natsu a cinyarki ko ya yi barci, domin kuka na ɓata lissafi. Ɗaga rigarsa, ki zuba ido a cikinsa. Tashi da sauka, ɗaya ke nan. Ki duba agogon waya ki ƙirga minti ɗaya cur. Kada ki ƙirga daƙiƙa 15 ki ninka, jarirai kan yi sauri su ɗan tsaya su ci gaba. Numfashi ya yi yawa idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, ko 40 daga shekara 1 zuwa 5. Idan ya kai, ki sake ƙirgawa, in haka ne ku tafi asibiti a ranar.

Sannan ki kalli ƙasan haƙarƙarinsa. Mai lafiya idan ya ja iska ƙirjinsa buɗewa yake. Idan wurin na lotsawa ciki duk jan da ya yi, wannan ma alamar nimoniya ce: tantanin da ya raba ƙirji da ciki ne ke fizga da ƙarfi, ƙasusuwan yaro kuma ba su yi ƙwari ba. In ya ƙi nono ko ruwa, yana amayar da komai, yana jijjiga, leɓɓansa sun canza launi, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa, ko tsakar dare ne a kai shi asibiti, kada a jira asuba.

Don Allah kada a kai shi wurin wanzami a cire belu, ciwon yana can ƙasa cikin huhu, sai dai a ƙara masa zubar jini. Maganin amoksisilin, wanda ake ba mai nimoniya, ma'aikacin lafiya ne ke auna shi gwargwadon shekaru ko nauyin yaro, kuma a shanye kwanakin ko da ya warware. Ki ci gaba da ba shi nono, kuma kada ki goya shi a gaban murhu mai hayaƙi.