Haihuwa a Cikin Ruwa: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Matanmu da aure ko karatu ya kai Ingila sukan yi turus ranar da ungozoma ta tambaye su a wurin awo ko suna son shiga ruwa idan naƙuda ta tashi. A can abin ya zama ruwan dare. Ɗakunan haihuwa da yawa suna da wani ƙaton baho mai zurfi, wasu matan ma hayar na roba suke yi, a hura shi a falon gida. Matanmu da ke ƙasashenmu kuwa a waya suka san shi: mace a cikin ruwa, fuska a sake, sai ga jariri an ɗago shi. Abin da bidiyon minti biyu ba ya nunawa shi ne ma'aunin zafin da ke cikin ruwan, da ungozomar da ke durƙushe a gefe tana sauraren zuciyar jariri, da gadon da aka shimfiɗa kusa saboda ko-ta-kwana. Kurakuran duka a wannan ɓangaren da ba a nunawa suke.

Asalin abin yana da amfani a sani. A shekarun 1970 wani likita Bafaranshe, Michel Odent, ya kawo bahon roba asibitin garin Pithiviers don mata masu naƙuda su ji sauƙin ciwo ba tare da allura ba. Ba haihuwa a ciki ya nufa ba, sai dai wasu matan da suka shiga jikinsu ya saki har jariri ya riga su fita. A 1983 ya buga bayanin haihuwa 100 irin wannan a mujallar likitoci ta Lancet. Tun daga nan ake bincike. Mafi girma a baya-bayan nan shi ne wanda Jami'ar Cardiff ta jagoranta, aka fitar a 2024, bayan duba bayanan mata sama da 87,000 da suka shiga ruwa lokacin naƙuda a Birtaniya. An gano cewa ga mai lafiyayyen ciki, wadda ta haihu a ruwa ba ta fi wadda ta fito ta haihu a gado shiga haɗari ba, ita da jaririnta. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka kuwa, a matsayarta ta 2016, ta yarda a yi naƙuda a ruwa amma ta fi son a fito daga ruwan a haihu. Inda duka suka haɗu shi ne ruwa yana rage ciwo, kuma sharaɗinsa lafiyayyen ciki da ƙwararriyar ungozoma.

Zafin ruwa

Wannan na sa a gaba domin mu ya fi shafa. Mun taso da wankan jego, inda ake tafasa ruwa a tukunya a tsoma ganye a fyaɗa wa mai jego, kuma a wurinmu ruwan da bai sa mutum ya ce wash ba bai yi aiki ba. Uwa ko gwaggo da ta zo zaman jego za ta sa hannu a baho ta ce, "Wannan ai ruwan sanyi ne, a ƙara mata na zafi." Da kyakkyawar niyya take faɗi, amma in aka bi maganarta jaririn ne zai sha wuya.

Jaririn da ke ciki ba shi da hanyar fitar da zafi sai ta jikin uwarsa, kuma dama jikinsa ya ɗan fi nata zafi. Ita uwar ta gumi take sanyaya jikinta, to ga shi rabin jikin yana cikin ruwa, gumin ba ya bushewa. In ruwan ya yi zafi sosai jikinta zai ɗau zafi, zuciyar jariri ta hau gudu, buƙatarsa ta iska ta ƙaru a daidai lokacin da naƙuda ke matsa shi. Ita kuma jijiyoyinta su saki, ƙarfin bugun jininta ya yi ƙasa, jiri ya kwashe ta. Shi ya sa hukumar NICE, mai shimfiɗa ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce kada zafin ruwan ya wuce digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas, kuma a riƙa auna ruwan da jikin matar duk bayan awa ɗaya.

Gyaran mai sauƙi ne: a bar gwaji da hannu, a sa ma'auni. A motsa ruwan kafin a auna, don na sama ya fi na ƙasa zafi. In za a ƙara na zafi, a zuba nesa da jikinta a juya. Sanyi ma kuskure ne. Idan haihuwa ta matso, ruwan ya tsaya wajen digiri 37, domin ruwa mai sanyi yana iya zaburar da jariri ya ja numfashi tun kansa bai fito iska ba. Ɗakin ya kasance da ɗumi amma iska na shiga, a ajiye ƙaramin tawul da ruwan sanyi na goge fuska da wuya.

Cika baho tun naƙuda ba ta zo ba

Mai tanadi zai ga dabara ce a cika baho tun sati ɗaya ko biyu kafin ranar, a sa na'ura ta riƙe ɗuminsa. Wannan dabarar ta taɓa cin rai. Akwai ƙwayar cuta mai suna Lijonela da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tsaye, tsakanin digiri 20 zuwa 45, tana haddasa mummunan ciwon huhu. A watan Yunin 2014 hukumomin lafiya na Ingila suka yi gargaɗin a daina amfani a gida da irin bahon da ake cikawa tun da wuri mai na'urar ɗumama ruwa da famfon juya shi, bayan wani jariri da aka haifa a ciki ya kamu. A wannan shekarar a jihar Teksas ta Amurka wani jariri ya rasu da ciwon bayan haihuwar ruwa, a 2016 kuma aka samu jarirai biyu da suka kamu a Arizona.

Sai naƙuda ta kankama ake cika baho, da ruwa mai tsabtar da za a iya sha. A sa sabuwar ledar shimfiɗa a ciki, a yi amfani da sabon tiyo, ba wanda ake ba shuka ruwa ko wanke mota ba, a bar famfon ya zuba na 'yan mintuna kafin a fara tara. Bahon wanka mai bututun tausa bai dace ba, don ba a iya wanke cikin bututun. Wanda ke ƙasashenmu masu zafi ya tuna da tankin da ke kan rufi yana shan rana kwana da kwanaki: ɗumin da ƙwayar ke so ke nan. Kada a zuba sabulu, man ƙamshi ko ruwan ganye. Ungozoma tana buƙatar ganin ƙasan ruwan tar. Kuma bayan gida yakan fito lokacin nishi, wannan ba abin kunya ba ne, kowace ungozoma ta saba. Ana ajiye rariya a kwashe nan take, in ruwan ya ɓaci sosai a fito a canja.

Gaggawar shiga da daɗewa a ciki

Da ciwo ya fara taɓa mara wasu sai su faɗa ruwa. In naƙudar ba ta yi ƙarfi ba, daɗin ruwan yana iya kwantar da ita, a yi ta zama har ruwa ya huce, ƙarfi ya ƙare. Yawancin ungozomomi sun fi son a jira sai ciwon yana zuwa akai-akai da ƙarfi, bakin mahaifa ya buɗe wajen santimita 4 zuwa 5. Kafin nan a yi tafiya, a jingina, a watsa ruwan ɗumi a baya. In an shiga aka ga ciwon ya ja baya, a fito a zaga ɗaki, a yi fitsari, a ɗan ci wani abu mara nauyi, a koma daga baya. Mafitsara in ta cika tana tare wa kan jariri hanya, kuma a cikin ruwa ba a cika jin ta ba. Haka ƙishirwa: kina cikin ruwa kina gumi ba ki sani ba, don haka a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan.

Ruwa kaɗan ma ɓata lokaci ne. In kin zauna ya rufe ciki gaba ɗaya ya kai ƙirji, a nan ne zai ɗauke miki nauyi ki iya durƙusawa ko juyawa yadda jiki ya so.

Ba kowane ciki ba

Cikin da ya cika sati 37, jariri ɗaya, kai a ƙasa, uwa lafiya lau, shi ne na baho. Bakwaini, tagwaye, jaririn da ya zo a zaune, hawan jinin masu ciki mai kai wa ga jijjiga, zubar jini, zazzaɓi, farfaɗiya, duk waɗannan maganar likita ce ba ta sha'awa ba. Haka wadda aka taɓa yi wa aiki, ko mai sikila, ko mai ƙarancin jini sosai, ko wadda ta taɓa zubar da jini da yawa bayan haihuwa: ta zauna da masu duba ta tun ana awo a yanke shawara. Kuskuren da ya fi damuna a nan shi ne ɓoye tarihi. Wata za ta yi shiru a kan abin da ya faru a haihuwarta ta baya don kada a hana ta ruwa. 'Yar'uwa, faɗi komai. Wani lokacin amsar ba hani ba ce, sai dai a ce ki yi naƙuda a ruwa ki fito ki haihu.

Magani ma yana da dokarsa. Iskar nan da ake shaƙa ta bututu don rage ciwo ana iya shan ta a cikin baho. Allurar baya mai kashe ƙafafu ba ta haɗuwa da ruwa ko kaɗan. Allurar kashe ciwo mai sa barci irin fetidin kuwa, ƙa'idar NICE ita ce kada a shiga ruwa sai an yi awa 2 da yin ta, kuma in har akwai sauran magagi a jira.

Lokacin da kai ya leƙo

Tambayar kowa ita ce: ba zai shaƙi ruwa ba? Jariri a cikin ruwa ya yi wata tara, iskarsa ta cibiya take zuwa. Abin da ke tayar masa da numfashin farko shi ne iska da sanyi su taɓa fuskarsa. Muddin ya fito daga ɗumi zuwa ɗumi, kuma lafiyarsa ƙalau, ba ya jan numfashi a 'yan daƙiƙun nan. Daga wannan bayanin dokokin suka fito. Dole a haife shi gaba ɗaya a ƙarƙashin ruwa, ba rabi a ciki rabi a waje ba. In kin ɗaga jiki kansa ya sha iska, shi ke nan, ki tsaya a sama a ƙarasa a haka, ba a komawa. In an ɗago shi ba a sake nutsar da fuskarsa. Ba a yawan taɓa kan ko jan sa, ba a kuma barin sa a ƙasa wai ya yi iyo don a ɗauki hoto.

Jaririn da ya galabaita a ciki shi ne ke iya yin haki a ƙarƙashin ruwa. Don haka ungozoma ke sauraren zuciyarsa da na'urar da ruwa ba ya ɓatawa, duk minti 15 a farkon naƙuda, duk minti 5 in an fara nishi. Kada ki ga kamar takura ce.

Sai cibiya. Tsinkewarta kafin a ɗaure ya fi faruwa a haihuwar ruwa fiye da ta gado, ko da yake ba kasafai ba. Dalilin shi ne ɗoki: a fizgo jariri zuwa ƙirji alhali cibiyar gajera ce. A ɗago shi sannu a hankali, fuska ta fara fitowa, ana lura da tsawon cibiyar, matsen cibiya kuma yana kusa da hannun ungozoma. Daga nan kansa a waje a goge shi ya bushe, jikinsa a cikin ruwan ɗumi manne da na uwarsa.

Ƙin fita

An koya mana dauriya, mace ta haihu ba a ji muryarta ba a yaba mata. A cikin baho wannan tarbiyyar tana da haɗari. Jiri, duhun ido, bugun zuciya, jin zafi ya yi yawa, ki faɗa nan take, domin wadda ta suma a ruwa fito da ita aiki ne na mutum uku ko huɗu. Saboda haka ba a barin mai naƙuda ita kaɗai a baho ko na minti ɗaya.

In ungozoma ta ce a fito, a fito ba gardama. Takan faɗi haka in faya ta fashe da ruwa kore ko mai duhu, alamar jariri ya yi kashi a ciki, ko zuciyarsa ta canja, ko jini ya ɓalle, ko kai ya fito kafaɗa ta maƙale. Jini musamman yana da ruɗi a ruwa: kaɗan yakan rina baho duka, mai yawa kuma ya kwanta a ƙasa ba a ankara ba. Zubar da ya kai mililita 500 bayan haihuwa ana ɗaukarsa ya yi yawa, kuma da wuya a kimanta shi a cikin ɗaruruwan litoci na ruwa. Shi ya sa asibitoci da yawa suka fi son a fito kafin mabiya ta faɗo. A miƙe a hankali, mutum biyu na riƙe da ke, tawul a ƙasa saboda santsi.

Wasu kuma kunya ce ke hana su shiga tun farko, suna zaton sai an tuɓe. Kina iya sa riga mara nauyi, ki ɗaura ɗankwali, ki nemi mata kaɗai a ɗakin in akwai hali. Ki faɗa tun a wurin awo a rubuta a takardarki.

Ga mai niyyar yi a gida, bahon roba yakan ci lita 400 zuwa sama da 600, kowace lita kilo ɗaya ce, ga nauyinki a kai. A duba ko daɓen bene zai ɗauka. A gwada hurawa da cikawa sau ɗaya tun da sauran lokaci don a san minti nawa yake ci da ko ruwan zafin gidan zai isa, sannan a zubar a shanya. A kawar da wayoyin lantarki daga wurin. Mota ta kwana da mai, a san hanyar asibiti mafi kusa da ke da jini da ɗakin tiyata. Ungozomar kuma a tambaye ta kai tsaye ko ta sami horo a kan haihuwar ruwa, sau nawa ta karɓa, da abin da ta tanada na farfaɗo da jariri in bai yi kuka ba. In amsarta ba ta gamsar ba, a yi wankan ɗumi a farkon naƙuda a tafi asibiti a haihu a gado.