Yadda Ake Duba Zuciya da Zagayawar Jini a Bakin Gadon Majinyaci

Kafin ɗalibin aikin jinya ya ɗora hannu a kan majinyaci, wajibi ne ya san yadda zuciya ke aiki, domin duk abin da zai auna daga nan ya samo asali. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya ɗebo iskar oksijin, na hagu kuma ya karɓi wanda ya dawo daga huhu ya watsa shi ko'ina. A jikin baligin da ke hutawa, kowane bugu yana fitar da kimanin mililita 70, zuciyar kuma tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, abin da ya kama kusan lita 5 a minti ɗaya. Idan jinin da ke fita a bugu ɗaya ya ragu, zuciya takan ƙara sauri don ta cike giɓin. Idan kuwa wani ɓangare ya gaza, jini yakan taru a bayansa, gazawar hagu ta tara ruwa a huhu, ta dama ta kumbura ƙafafu da hanta.

Dubawa tana farawa ne tun daga sallama. Yayin da majinyaci ke amsa gaisuwa, a lura ko yana kai ƙarshen magana da numfashi ɗaya ko kuwa haki yana katse shi, a kuma lura ko ya iya kwanciya ko ya zauna ya jingina. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce mai sauƙi, irin su "Baba, da matashi nawa kuke kwana?" ko "Hajiya, numfashi yakan tashe ku cikin dare?" Akwai wani tarko a harshenmu da ya kamata a kiyaye, wato idan mutum ya ce zuciyarsa ke ciwo, yana iya nufin ƙwannafi, ko gyambon ciki, ko ma ɓacin rai. Saboda haka a ce ya nuna wurin da hannunsa, ya kuma kwatanta yadda yake ji. Nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora dutse, wanda ke bi ta hannun hagu ko muƙamuƙi tare da gumi, ba abin jira ba ne, a kira likita nan take.

Littattafan da ake koyarwa da su sukan ce a duba ko fata ta ɗashe ko ta yi shuɗi, amma wannan ba ya fitowa sosai a baƙar fata. Wuraren da za a duba su ne cikin fatar ido ta ƙasa, da harshe, da cikin leɓe, da tafin hannu. Daga nan a danna farce na daƙiƙa 5 a saki, jini ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2. Ga matar da ta sha lalle har farce ya rine, a danna naman bakin yatsan da lallen bai kama ba, ko fatar tsakiyar ƙirji. Hannu mai sanyi da danshi a rana mai zafi ya isa ya sa a ƙara natsuwa.

Ana jin bugun jijiya a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, da yatsu biyu ko uku. Ba a sa babban yatsa, domin yana da nasa bugun da zai iya rikita mai ƙirgawa. Idan bugun yana tafiya daidai, ana iya ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu, amma a duban farko, ko idan yana tsallake, sai an cika minti ɗaya cur. Adadi kaɗai bai wadatar ba, a faɗi ko bugun cikakke ne ko siriri ne mai ɓacewa a ƙarƙashin yatsa. Wannan shi ne wurin da na fi so ɗalibi ya daɗe, saboda matashiyar da ke zubar da jini bayan haihuwa tana iya riƙe awon jininta daidai na wani lokaci alhali bugunta ya riga ya haura 100 ya kuma sirance. Wanda ya tsaya jiran lambar awo ta faɗi kafin ya ɗaga murya ya makara. Haka nan, baligin da ke shan digoksin, wani maganin ciwon zuciya, ana ƙirga bugunsa a ƙirji na minti ɗaya, idan ya gaza 60 a dakatar da maganin a sanar da likita.

Awon jini shi ne aikin da aka fi yi kuma aka fi ɓatawa. Majinyaci ya huta minti 5, ya jingina bayansa, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, a tallafe hannunsa daidai da tsayin zuciya, kuma kada a yi hira. A tambaya ko ya ci goro, ko ya sha shayi mai ƙarfi ko taba a cikin rabin awar da ta wuce. A naɗa ɗamarar awon a kan fatar damtse, ba a kan hannun riga ba, kuma ta dace da kaurin damtsen, domin ƙaramar ɗamara a babban damtse tana ƙara lamba, har a laƙa wa mai lafiya hawan jini. A hura iska ana taɓa bugun wuyan hannu har ya ɓace, a ƙara maki 30 a kai, sannan a ɗora abin sauraro a lanƙwasar gwiwar hannu a riƙa sakin iskar a hankali, maki 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Sautin farko shi ne lambar sama, inda ya ɓace kuma lambar ƙasa, hanyar da likitan Rasha Korotkof ya bayyana a 1905. A rubuta abin da aka ji, ba a mayar da 138 ta koma 140 don sauƙin rubutu ba. Ana maganar hawan jini idan awo ya kai 140/90 a ranaku daban-daban, amma ga mai cikin da ya wuce mako 20 wannan lamba tana buƙatar a duba fitsari a kai rahoto, 160/110 kuwa gaggawa ce.

Sai wuya da ƙirji da ƙafafu. A ɗaga kan gado zuwa digiri 45 a dubi jijiyar gefen wuya, idan ta cika ta miƙe har kusa da muƙamuƙi, jini ya taru a ɓangaren dama na zuciya. Ana jin bugun tsinin zuciya na ƙasa a hagu, a gurbi na biyar tsakanin haƙarƙari, a layin da ya sauko daga tsakiyar ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, kuma idan ya gusa waje ko ƙasa, mai yiwuwa zuciyar ta ƙara girma. Idan aka ɗora abin sauraro a ƙirji ana jin sauti biyu, na farko rufewar ƙofofin da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa ne, na biyu kuma rufewar ƙofofin manyan jijiyoyi biyu da ke fita. Ba a buƙatar sabon ɗalibi ya raɗa wa kowane baƙon sauti suna, ya isa ya gane cewa akwai ƙarin sauti ya faɗa. A ƙafa, a danna ƙwauri da yatsa na 'yan daƙiƙoƙi a ga ko rami ya zauna, ga wanda ya daɗe a kwance kuma a duba ƙasan bayansa, don can ruwan ke taruwa.

Mai jego tana buƙatar kulawa ta musamman. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan yawan gazawar zuciya bayan haihuwa a wannan yanki, suka kuma danganta shi da zafin wankan jego da gishirin da ke cikin kunun kanwa. Duk mai jegon da ta zo da haki, da tarin dare, da kumburin ƙafa, a duba zuciyarta, a kuma tambayi abin da take ci da yadda ake yi mata wanka cikin ladabi, ba tare da an ci fuskar uwa ko surukar da ta rako ta ba, domin su ne za su ci gaba da jinyarta a gida.

Bayan an gama, a rubuta sakamakon da lokacinsa a take, a kwatanta shi da na baya, tunda 110/70 ga wanda ya saba da 170/100 faɗuwa ce babba. A haɗa da yawan fitsari, wanda bai kamata ya gaza rabin mililita a kowane kilo na nauyin baligi a awa ɗaya ba. Idan bugu yana hawa, awo yana sauka, fitsari ya ragu, ko majinyaci ya fara rikicewa, a sanar da babbar nas ko likita da baki kafin a koma kan takarda.