Kafin Ka Bari a Taɓa Ƙwaƙwalwar Motarka Mai Turbo

Mako uku da sake wa motata manhajar inji, ina hawan wani dogon tudu a giya ta biyar, na nitsa totur, sai na ga allurar juyin inji ta yi sama amma gudun motar yana nan inda yake. Can sai ƙauri ya biyo baya. Kuloci ne ya fara sulɓi. Na so in ɗora wa wanda ya yi mini aikin laifi, amma da na zauna na yi lissafi, kulocin nan shi ne wanda motar ta fito da shi daga kamfani, ya sha tafiya, kuma ni ban tambaya ba, shi ma bai ce mini komai ba. Da ƙarfin da motar take da shi a da, wataƙila da ya ƙara kai ni shekara biyu. Abin da na ƙara mata ne ya tona masa asiri.

Wannan sake manhaja, da masu sana'ar ke kira rimaf, ba ya sa wa inji ko da kusa ɗaya sabuwa. A cikin ƙwaƙwalwar mota, wato ECU, akwai jadawalai na lambobi da ke faɗa wa inji yawan iskar da turbo zai danna masa, yawan man da za a fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Akwai kuma wasu da ke daƙile ƙarfin murɗa don kada ya wuce abin da giya za ta ɗauka. Kamfani yakan bar rata a waɗannan lambobi, saboda motar za ta je ƙasashe masu zafi da masu sanyi, za ta sha mai mai kyau da gurɓatacce, za ta faɗa hannun wanda ba ya juyen baƙin mai sai ya tuna. Mai rimaf wannan ratar yake ci. Ƙarfin da za ka ji ajiyar kamfani ce ka ciro ka fara kashewa.

Dalilin da ya sa abin ya fi tasiri a mota mai turbo shi ne iska. Injin da ba shi da turbo, abin da ya iya zuƙa da kansa shi ke nan, ko ka sake masa manhaja ɗan abin da za ka samu ba ya taka kara ya karya. Shi kuwa turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi, yana cusa iska da ƙarfi, kuma akwai wata 'yar ƙofa da ke sakin rarar hayaƙin idan matsin ya kai inda aka ƙayyade. Ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da wannan ƙofa. Idan aka ce mata ta jinkirta buɗewa, iska ta ƙaru; aka ƙara mai daidai da iskar, ƙarfi ya ƙaru. A matakin farko, wanda ake kira sitej 1, ana yawan samun ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ba tare da an sauya wani ƙarfe ba. Ka sani dai, sitej 1 da 2 da 3 ba wata hukuma ce ta tsara su ba, kowane gareji da irin nasa ma'aunin.

Za ka ji ana cewa, ai injin ɗaya ne, kamfani ne kawai ya rage wa ƙaramar ƙarfi don ya sayar da babbar da tsada. Wani lokaci haka ne, wani lokaci rabin gaskiya ce. Dubi Golf ta bakwai ta Volkswagen: GTI tana da ƙarfin doki 220, Golf R tana da 300, duka injin lita 2 ne daga zuriyar EA888. Amma turbon R ya fi girma, kuma an ƙarfafa wasu kayan cikin injinta. Manhaja kaɗai ba ta mayar da wannan ta zama waccan.

Fara da lafiyar motar, tun kafin ka nemi mai kwamfuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. A sa na'ura a karanta ko akwai lambar matsala da ta maƙale a ƙwaƙwalwa, ko da fitilar gargaɗi ba ta kama ba. A gwada matsin kowace silinda. A busa hayaƙi ko iska a cikin tiyoyin turbo a ga ko akwai inda ke yoyo, domin ƙaramar ɓula da ba ka ji a yau, idan matsi ya ƙaru sai ta yage. Sa sababbin fulogogi, a duba kwayil, a juye baƙin mai, a sauya matatar iska da ta mai. Idan injinka yana shan baƙin mai, ko yana zafi a cunkoso, ko turbo yana kuka kamar jiniya, ajiye zancen rimaf tukuna ka gyara wannan.

Sannan kuloci da giya, inda ni na faɗi. Gwajin ba shi da wuya: a hanya mai fili, sa giya babba, inji yana juyi kusan 2,000 a minti, ka taka totur har ƙasa. Idan allura ta rigayi gudun motar tashi, kuloci ya soma gajiya. Mai giya ta otomatik kuwa ya nemi sanin iyakar da aka gina giyabos ɗinsa a kai. Misali DSG, giyabos ɗin otomatik na Volkswagen, mai giya bakwai da busasshen kuloci, wadda ake kira DQ200, an tsara ta ne a kan ƙarfin murɗa Nm 250, ita kuwa DQ250 mai giya shida wadda kulocinta ke cikin mai, Nm 350. Kowa yana tambayar doki nawa zai samu, alhali ƙarfin murɗa ne ke cinye kuloci, musamman idan an sa shi ya zo gaba ɗaya tun inji yana ƙasa-ƙasa. Mai aikin da ya san hannunsa zai iya shimfiɗa shi ya riƙa hawa a hankali. Ka roƙi haka.

Maganar mai ta fi duk sauran muhimmanci a injin fetur. Idan iska ta matsu ta yi zafi, fetur mai ƙarancin oktan, wato ma'aunin juriyarsa ga matsi da zafi, yakan kama da kansa a wani lungu na silinda kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan fashewar tana bugun kan fistin kamar guduma. Akwai na'urar da ke sauraren bugun, idan ta ji sai ƙwaƙwalwa ta ja lokacin wuta baya don ta ceci inji, amma tana da iyaka. Manhajar da aka rubuta don fetur mai oktan 98, ka zo kana shan 91 ko 92, kana tafiya ne a bakin rami kullum. Faɗa wa mai aikin gaskiyar man da kake samu kodayaushe, har a ranar da tanki ya kusa ƙarewa a kan doguwar hanya, a rubuta manhajar a kansa. Haka zafin gari: intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo, idan rana ta take ba ya iya abin da yake yi da asuba.

Wajen zaɓen mai aiki, ni yanzu tambaya uku nake yi. Wa ya rubuta fayil ɗin, shi ne ko sayo shi ya yi a intanet? Zai ɗauki bayanan inji yana cikin aiki, kafin da bayan, ya nuna mini? Zai ba ni fayil ɗina na asali? Wanda ya yi maka alkawarin adadin doki tun bai buɗe bonet ba, ka yi masa sallama. Haka wanda motocin dizal ɗinsa ke tuƙa baƙin hayaƙi yana alfahari da shi. Wannan hayaƙin mai ne da bai ƙone ba, kuma yana dafa turbo.

Ranar aikin, yawanci ta ramin OBD ake shiga, wannan soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a Turai kuma tun 2001 ga masu fetur. Za a haɗa na'ura irin su KESS ta kamfanin Alientech, a karanto abin da ke ciki, a gyara jadawalan a manhaja kamar WinOLS, a mayar. Wasu sababbin ƙwaƙwalwa, irin MG1 da MD1 na Bosch, sukan zo a kulle, sai an ciro su an yi aikin a kan tebur. Ka tsaya ka ga an haɗa wa batir na'urar da ke riƙe wuta daidai. Idan wuta ta faɗi ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwar tana iya mutuwa murus, motar ta ƙi tashi. Kada ka buɗe ƙofa, kada ka taɓa makulli, har sai an ce an gama.

Idan akwai daino, wato na'urar da ake ɗora mota a kan gangunan ƙarfe a auna ƙarfinta, a auna kafin a taɓa komai, a sake aunawa bayan an gama, a kan na'ura ɗaya, rana ɗaya. Bambancin da ke tsakanin awon biyu shi ne abin dubawa, domin kowace daino da irin nata karatun. Ka leƙa bayanan da kanka: matsin da ƙwaƙwalwa ta nema da wanda turbo ya bayar su tafi tare, jan wuta baya ya kasance kaɗan ƙwarai ko babu, haɗin iska da fetur kuma ya yi nauyi idan an nitsa totur. A tafiyar yau da kullum kashi 14.7 na iska ne ga kashi 1 na fetur, amma a cikakken matsi ana saukowa wajen 12, saboda rarar man tana sanyaya silinda.

Akwai masu cewa a haɗa da cire DPF, wato matatar da ke tare baƙin hayaƙin dizal, ko toshe EGR, wato bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, tunda an riga an shiga. Wannan wata magana ce daban, kuma a ƙasashe da yawa laifi ne. A Birtaniya tun 2014 motar da aka cire wa DPF ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, a Amurka dokar tsabtar iska ta hana kashe na'urorin rage hayaƙi, a Jamus kuma ƙarin ƙarfin kansa sai an duba an shigar da shi a takardun mota. Kamfanin inshora ma ka sanar da shi, kada ranar tsautsayi ya samu hujjar zamewa. Garanti kuwa, ka ɗauka na inji da giya ya tafi. Ko ka mayar da fayil na asali, ƙwaƙwalwa da yawa suna ƙirga sau nawa aka yi musu rubutu.

Bayan haka tuƙinka ya sauya kaɗan. Ka bar baƙin mai ya yi ɗumi kafin ka matsa wa turbo, kuma in ka sha gudu ka sassauta a 'yan mintocin ƙarshe kafin ka kashe. Rage tazarar juyen mai, ka nemi mai alamar API SP, wanda aka fito da shi a 2020 yana kare irin waɗannan injina daga kamawar wuta kafin lokaci. Kada ka danne totur a babbar giya inji yana ƙasa, sauko giya ɗaya. Taya da birki su ma su zama masu kyau.

Ni dai na sa kuloci mai ƙarfin riƙo, na koma aka rage mini murɗar da ke zuwa ƙasa da juyi 2,500. Fayil ɗin asali yana wurare biyu, a kwamfuta da filas. Duk ranar da na kai motar sabis, ina faɗa musu tun a bakin ƙofa kada su sabunta manhajar inji, domin sabuntawar tana shafe aikin gaba ɗaya.