Yadda Ake Raba Kwamfutar Gida da Birus Mai Naci

Akwai birus ɗin da antibirus ke kamawa sau ɗaya, shi ke nan an wuce wurin. Akwai kuma mai naci: a ce maka an goge shi da hantsi, ka kashe kwamfuta, ka kunna bayan la'asar, sai ka tarar yana nan daram. Abin da antibirus ya goge kwafi ne kawai. Shi uban gayyar ya riga ya rubuta sunansa cikin jerin abubuwan da Windows ke tayarwa duk lokacin da aka kunna ta, kuma ya zuba ƴaƴansa cikin kowane kilen USB da aka taɓa sokawa a jikinta. Shi ya sa aikin yake da tsari, wanda ya tsallake mataki ɗaya zai sake komawa farko.

Wanda muka fi sani a nan Damagaram shi ne na rakursi, wato ƴar alamar da ke nuna hanyar fayil ba fayil ɗin kansa ba. Ka kai kilenka shagon buga takardu, musamman lokacin da ɗalibai ke rububin buga memuwar, ka dawo gida ka soka shi, sai ka ga dosiyoyinka duk sun fito da ƴar kibiya a kusurwar ƙasa, nauyin kowanne bai wuce 1 ko 2 Ko (kilo-octet) ba. To dosiyen da ke ɗauke da hotunan biki guda ba zai taɓa yin nauyin 2 Ko ba. Na gaskiyar suna nan, ɓoye su aka yi. Wanda kake gani tarko ne: kana latsa shi sau biyu zai tayar da wani ɗan fayil mai ƙarewa da .vbs, sannan ya buɗe maka dosiyenka kamar ba abin da ya faru. Kafin ka ankara fayil ɗin ya kwafi kansa cikin kwamfutar. Ɗaya daga cikin danginsu, mai suna Houdini, tun 2013 masu binciken tsaro suka fallasa shi, kuma ɓoye fayil ƙaramin aikinsa ne: yana buɗe wa wani can nesa hanyar ba kwamfutarka umarni.

Amma ba kowane nauyin jiki ne birus ba. Kwamfutar da ta sha ƙurar hunturu, ta shigo zafin Afrilu fankarta na gurnani tana mutuwa da kanta, bushe ƙura take so. Haka saƙonnin da ke faɗowa daga gefen allo suna cewa an kama birus biyar, ka latsa nan: sau da yawa wani shafi ne ka ba izinin aiko da sanarwa a Chrome. Shiga Paramètres na Chrome, ka nemi Notifications cikin saitin shafuka, ka cire shi.

Kafin a taɓa komai

Cika batir, ko ka zaɓi lokacin da wuta ta zauna, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin nan ba alheri ba ce. Zare duk kile da katin memori da ke jikin kwamfutar, ka tara su wuri ɗaya tare da sauran na gidan, kada kowa ya taɓa su sai an zo kansu.

Sai kayan aiki. Ka sauko da su a wata kwamfuta mai lafiya, daga shafin masu su kai tsaye: Autoruns na Microsoft, wanda bai da nauyi ko kaɗan, da Kaspersky Virus Removal Tool ko Microsoft Safety Scanner. Duka kyauta ne. Shi Safety Scanner kwana 10 yake yi bayan an sauko da shi ya daina aiki, don haka wanda abokinka ya ajiye tun bara ba zai amfane ka ba. Zuba su cikin kilen da aka yi wa fomate yanzu-yanzu.

Sannan ka kwashe abin da ba za ka iya jure rashinsa ba: takardu, hotuna, bidiyo. Kada ka ɗauki duk fayil mai ƙarewa da .exe, .scr, .vbs, .js, .bat ko .lnk, ko da kuwa shi ne VLC ɗin da ka daɗe kana amfani da shi. Don ka riƙa ganin ƙarshen sunayen, buɗe zaɓuɓɓukan Explorateur de fichiers, a shafin Affichage ka cire alamar da ke kan "Masquer les extensions des fichiers dont le type est connu". Kana nan ɗin ka zaɓi "Afficher les fichiers, dossiers et lecteurs cachés", ka kuma cire alamar "Masquer les fichiers protégés du système d'exploitation". Windows za ta yi maka gargaɗi, ka amsa da Oui.

A bincike ta tana barci

Birus mai naci yana kare kansa muddin Windows na aiki, saboda haka binciken farko daga wajenta ake yi. Mai Windows 10 ko 11 yana da kayan aikin a hannu. Amma duba abu biyu tukuna. In akwai wani tsohon antibirus da wa'adinsa ya ƙare, cire shi, domin zamansa na iya sa Microsoft Defender, antibirus ɗin da ke zuwa da Windows, ya naɗe hannu, ga shi shi kansa ba ya tsinana komai. Na biyu, shiga Sécurité Windows, Protection contre les virus et menaces, Gérer les paramètres, ka gangara zuwa Exclusions. Nan ne jerin wuraren da aka ce wa Defender kada ya leƙa. Birus kan rubuta dosiyensa a ciki, masu zuba manhajar sata ma haka suke yi. Duk abin da ba kai ka sa ba, fitar da shi.

Kunna intanet na ɗan lokaci Defender ya sabunta, sannan ka kashe wifi. A ƙarƙashin Options d'analyse zaɓi binciken da aka rubuta "hors ligne", a Windows ta Turanci irin wadda ke zuwa da kwamfutocin Kano kuwa "Offline scan". Kwamfutar za ta mutu ta tashi a wani allo na daban, ta yi kamar minti 15 tana bincike, ta dawo da kanta.

Mai Windows 7 ba shi da wannan gata. Shi sai Kaspersky Rescue Disk: a sauko da shi, a rubuta shi kan kile da manhajar Rufus, a tayar da kwamfutar daga kilen. A HP maɓallin F9 ake dannawa da an kunna, a Dell da Lenovo F12. Yana cin ɗaruruwan mega, ka tanadi forfe mai kauri.

Inda yake rubuta sunansa

Nan ne yawancin mutane ke tsayawa, kuma nan ne ainihin aikin. Shiga mode sans échec: riƙe maɓallin Maj, ka latsa Redémarrer, sai Dépannage, Options avancées, Paramètres, Redémarrer. Jerin lambobi zai fito, ana son 4. Danna F4 ya fi sauƙi, don allon rubutu na AZERTY yana da rikici wajen lambobi. A Windows 7 kuwa F8 ake ta dannawa kafin tambarin Windows ya bayyana. In kwamfutar sabuwa ce tana iya neman mabuɗin BitLocker mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusunka na Microsoft, ka nemo shi ta waya tun kafin ka fara.

Amfanin wannan yanayi shi ne Windows ba ta tayar da abubuwan da ke jerin farawa, saboda haka birus ɗin yana kwance. Buɗe Autoruns, ka je shafin Logon. Kowane layi abu ne da ke tashi tare da kwamfutar, kuma a gefen dama an rubuta inda fayil ɗinsa yake. Karanta wannan gefen a tsanake. Manhajar kirki mazauninta Program Files ne ko dosiyen Windows, da sunan kamfanin da ya yi ta. Abin tuhuma shi ne wanda ke zaune cikin AppData, Temp ko ProgramData, ba sunan kamfani, sunansa tarkacen haruffa ne ko kuma ya ari suna mai kwarjini kamar "update" ko "system", ga .vbs ko .js a ƙarshe. In ka ga layin da ke kiran wscript.exe ya buɗe wani fayil a cikin Temp, ka kama ɓarawonka.

Rubuta hanyar fayil ɗin a takarda. Cire alamar da ke gaban layin, kada ka goge shi tukuna, domin in ka yi kuskure mayar da alama kawai za ka yi. Sai ka bi hanyar da ka rubuta ka goge fayil ɗin kansa. Kul ka taɓa wscript.exe da ke cikin System32, na Windows ne, aron sa aka yi. Danna maɓallin Windows da R, rubuta shell:startup, ka duba ko akwai wani kwafi a can. Ka sake yi da %temp%, ka zaɓi duka ka goge, wanda ya ƙi a bar shi. Kafin ka fita, tayar da Kaspersky Virus Removal Tool ko Safety Scanner ka ba shi cikakken bincike. Zai ɗauki sa'o'i a tsohuwar kwamfuta, ka je ka yi harkarka.

Saura maɓoya ɗaya da ba a iya leƙawa a mode sans échec. Bayan ka dawo Windows ta kullum, har yanzu ba intanet, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta taskschd.msc. Wannan shi ne Planificateur de tâches. Latsa kowane aiki da ba ka gane ba, ka duba shafin Actions. Aikin da aka tsara ya riƙa maimaita kansa kowane ƴan mintuna, yana kiran wscript, powershell ko mshta zuwa wani fayil a AppData, shi ne ke mayar da abin da ka goge. Kashe shi, ka goge fayil ɗin da yake nunawa. Daga nan ka shiga Protection du système, Configurer, Supprimer, don tsofaffin wuraren mayar da Windows baya na iya riƙe da kwafin birus ɗin.

Kilen gida, ɗaya bayan ɗaya

Wanda ya wanke kwamfuta ya bar kile, ya fesa wa katifa maganin kuɗin cizo ne ya bar tabarma. Kuma a gida ba a faɗin gaskiyar adadinsu da tambayar farko. Ka ce, "Wa ya soka kile a nan?" sai ƙaramin ya ce, "Baba, wallahi na Yaya ne kawai, waƙoƙi na kwafa." To na Yayan ma a kawo, da katin memorin da ke cikin rediyo.

Soka ɗaya, kada ka buɗe komai a ciki. Duba harafin da Windows ta ba shi, a ce E ne. Danna maɓallin Windows da R, rubuta cmd, a baƙin allon da zai fito ka rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Wannan zai fito da abin da aka ɓoye. Sai ka bi da:

del /s E:\*.lnk

del /s E:\*.vbs

Tabbatar da harafin kafin ka danna Entrée, kada ka rubuta C. Yanzu dosiyoyin gaskiya za su bayyana ba kibiya. Wani lokaci za ka ga dosiye ɗaya marar suna, kayanka suna cikinsa. Bincike kilen da Defender, kwashe takardu da hotuna zuwa kwamfutar, yi masa fomate, sannan ka mayar.

Ga gwajin da na fi yarda da shi. Ɗauki kilen da ba komai a ciki, ka yi sabon dosiye ɗaya a cikinsa, ka bar shi a soke kamar minti 10. Kashe kwamfutar, kunna, sake dubawa. In dosiyen yana nan ba kibiya, ba wani baƙon fayil kusa da shi, an rabu. Sai ka ɗauki wayarka ka canja kalmomin sirrin Gmail da Facebook da duk abin da ka taɓa shiga a kwamfutar, ka kuma cire ta daga na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinka ka sake haɗawa.

In ya ƙi fita

Akwai irin da ba a ɓata lokaci a kansu. In binciken ya fito da sunan Sality ko Ramnit, kuma fayilolin da ya kama sun kai ɗaruruwa, waɗannan cikin jikin manhajojin suke shiga, ba gefe suke zama ba. Ana iya gyara wasu, amma ni ba na sake amincewa da Windows ɗin da suka ratsa. Goge ta kaf a sake zubawa ya fi arha, ko da kuwa za ka biya ƴan jakunkuna wurin mai gyara.

Ana bukatar kile mai 8 Go, da Windows da aka sauko da ita daga shafin Microsoft a kwamfuta mai lafiya. Lokacin zubawa a goge ɓangaren C gaba ɗaya. Masu ajiya a ɓangaren D su sani cewa duk .exe da ke can abin tuhuma ne, latsa ɗaya ya isa ya mayar da aikin jiya sabo. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka in injin zai iya ɗaukar 11, ita za a zuba.

In wurin mai gyara za ka kai, a Zango ne ko wajen Kasuwar Dole, tambaye shi cikin mutunci: "Malam, daga ina aka sauko da Windows ɗin, kuma da me za a kunna Office?" In amsar ita ce wata ƴar manhaja da sai an kashe antibirus take aiki, ka ce ya bar ta, ya sa maka LibreOffice, kyauta ce kuma tana buɗe takardun Word. Takardar da za ka buga nan gaba kuwa, mayar da ita PDF ka tura wa mai shagon ta WhatsApp ko imel, kilenka ya zauna a aljihu.