Yadda Ake Sa Gejin Zafin Kan Silinda a Beetle da Kombi

Duk mai riƙe da tsohuwar Volkswagen a Kano, Beetle ko Kombi irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Legas, ya san injinta ba lagireto, ba ruwa. Fanka ce kawai ke hura masa iska. Abin da sababbin shiga ba sa lura da shi shi ne motar ba ta da bakin gaya maka ta yi zafi. Fitilar mai da ta caji kaɗai gare ta, kuma kafin ta mai ta kama, aikin gama ya gama. Wasu sukan taɓa sandar awon baƙin mai da hannu. Mai yana jinkirin ɗaukar zafi, shi kuwa kan silinda, wanda kanikawa ke kira top, nan da nan yake hawa da zarar ka danne totur.

Ka nemi geji mai zobe, wanda ake sa zoben a ƙarƙashin filogi. Milimita 14 ne daidai filogin waɗannan injina. Ka fara tambaya a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa, in ba a dace ba ka sa a yo maka oda. Ni dai mai nuna lamba nake saya, mai wayar awon zafi da ake kira nau'in K, ba na ƙara sayen mai allura ko da kuwa rabin kuɗi ne. Dalilin yana tafe.

A silinda ta 3 za ka sa. In ka tsaya a bayan mota kana kallon inji, tana hagunka, can ciki wajen kujerar baya. A injinan da aka yi kafin 1971, abin sanyaya mai yana zaune a cikin gidan fanka, sai iskar da ta riga ta ɗumama take isa gare ta, shi ya sa bawul ɗinta ke fara ƙonewa. Ko injinka na bayan nan ne, can ɗin dai.

Kada ka kwance filogi inji na da zafi. Top ɗin alminiyam ne, tiredi zai biyo filogin. Bar motar ta kwana. Cire washar filogin, zoben ya zauna a gurbinta, ka lanƙwasa wutsiyarsa sama a hankali ta bi jikin filogi. Fara ɗaurewa da hannu, sannan sifana, idonka na kan wayar. Na ga yara da yawa sun murɗe zoben tare da filogi har wayar ta tsinke, kuɗi sun tafi tun ba a tada mota ba.

To, ga inda na sha wuya. Wannan waya ba zafin zoben take aunawa kai tsaye ba. Ƙarafa biyu ne daban aka haɗa bakinsu, suna ba da 'yar wuta gwargwadon bambancin zafi tsakanin zoben da inda wayar ta ƙare. Yawancin geji masu allura an saita su ne a kan cewa ƙarshen wayar yana wuri mai digiri 21 ko kusa da haka. Ina digiri 21 a Kano da tsakar rana a watan Afrilu, ana 40 a inuwa? Tawa wayar ba ta kai gaban mota ba, sai mai rewaya ya jona ta da wayar tagulla a nan cikin ɗakin inji, inda zafi ya fi na waje nesa ba kusa ba. Duk digirin da mahaɗar nan ta ɗara 21 da shi, sai gejin ya zabge shi daga abin da yake nuna mini. Na kama hanyar Zariya allura na kan 190, hankalina kwance, alhali top ɗin ya haura 220. Ban daɗe da wuce Kwanar Dangora ba bawul ɗin salansa na silinda ta 3 ya ƙone, sai janyo motar aka yi.

Saboda haka ka tambayi mai sayarwa ko gejin yana gyara lissafinsa da zafin wurin da yake. Sannan wayar ƙari ta zama nau'in K tun daga zobe har bayan geji, ba tagulla ko taƙi ɗaya. Ka nisanta ta da wayoyin filogi da salansa. Kafin ka ɗaura komai, tsoma zoben a tafasasshen ruwa, ya kamata ka ga 98 zuwa 100. Da safe kafin ka tada mota, ya nuna zafin gari. In lamba na sauka alhali inji na ɗumama, ka juya wayoyin biyu.

A ma'aunin Salshiyas, 150 zuwa 190 lafiya lau ne. Ya haura 200, sassauta ƙafa, ka sauko giya ɗaya don fanka ta ƙara gudu. Ya doshi 220, gangara gefen titi, ka bar inji na aiki minti biyu ko uku kafin ka kashe. Kada ka watsa masa ruwa. Sati guda ka riƙa rubuta abin da kake gani a goslon Kurna da kuma a buɗaɗɗen titi, don ka san halin motarka. Kombi mai lodi kullum ta fi Beetle zafi.

In lamba ta tashi ba gaira ba dalili, fara da fanbel, kuma fitilar caji na kamawa ka tsaya, don fanka a jikin janareto take. Duba kwanukan da ke rufe inji da robar da ke kewaye da shi, waɗanda wasu kanikawa ke jefarwa wai inji ya sha iska, alhali zafin salansa suke tarewa. Saura taimin da ya yi gaba da yawa, kafireta mai rowar fetur, da gibin bawul, milimita 0.15 inji a sanyaye. Bayan hunturu kuma ka sauke kwanukan ka kankare ƙura da maiƙon da suka toshe tsakanin haƙarƙarin silinda.