Jinyar hawainiya mai rauni: abin da na koya a kwana arba'in

Wata Asabar a ƙarshen damina ina bakin lambuna a bayan garin Zariya, sai ga yara uku suna jan wani abu da zare. Hawainiya ce an ɗaure ta a ƙugu, ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi, baki a wangale tana huci. Ƙafarta ta baya ta kuje har jini, ido ɗaya a rufe. Babban cikinsu ya ce, "Kawu, ka saya, in ba haka ba wajen mai magani za mu kai ta." Na ba su kuɗin alewa na karɓa. Kuskurena na farko ke nan, don kafin mako ya zagayo sun kakkaɓo wasu biyu lafiyayyu sun kawo mini. Kwana arba'in wannan ta yi a hannuna, kuma yawancin abin da zan faɗa sai da na yi shi ba daidai ba kafin na gane.

Da na shiga gida da ita, Hajiya mahaifiyata ta daka mini tsawa, "Kai, fitar mini da wannan abu, dafi gare shi!" Hawainiya ba ta da dafi. Tana cizo in an matsa mata, babba tana iya fasa fatar yatsa, iyakar abin ke nan. Abin tsoro na gaske shi ne ƙwayar cutar salmonela da ke jikin kusan duk masu jan ciki, mai sa gudawa da zazzaɓi. Don haka duk sanda ka taɓa ta ko kejinta, ka wanke hannu da sabulu, kuma kada ƙananan yara su riƙa wasa da ita.

Aikin farko shi ne ka ƙyale ta, kuma shi ya fi wuya. Hawainiya ba mage ba ce, shafa ba ta kwantar mata da hankali. A wurinta hannun da ya sauko daga sama shaho ne. Ni kuwa ranar farko sau goma na ɗauke ta ina dubawa, maƙwabta na zuwa kallo, kowa da wayarsa. Kwana biyu ba ta washe ba. Sai da na kai ta lungun da ba a wucewa, na rufe gefe uku na kejin da tsohon zane, sannan da hantsin rana ta uku na leƙa na ga kore ya fara dawo mata a gefen ciki. In dole ce ta sa ka ɗauke ta, ka zura sanda ko tafin hannu ta ƙarƙashin haɓarta ka jira ta hau da kanta. Kada ka fizge ta daga reshe. Yatsunta biyar ne a kowace ƙafa, sun haɗe biyu a gefe uku a gefe kamar awartaki, in ka ja da ƙarfi farce zai cire ko ƙashi ya karye. Wutsiyarta ma in ta gutsure ba ta sake tsirowa kamar ta tsaka.

Launinta shi ne bakinta, sai ka koyi ji. Mutane na cewa tana rikiɗa ne ta yi kama da abin da ta hau, amma galibi tsoro ne da fushi da zafi da sanyi ke juya ta. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janiba ta ƙasar Suwizalan suka nuna cewa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli jere a cikin fatarta, in suka matsu ko suka ware sai launin da ido ke gani ya sauya. Baƙi da sassafe tana miƙe a rana ba komai ba ne, ɗumi take tarawa. Baƙi yini guda tare da kumbura jiki da huci, wannan firgici ne. Da dare in tana barci takan yi fayau, shi ma lafiya ce. Wanda ba ya cikin lafiya shi ne rufe ido da rana. Hawainiya mai lafiya ba ta gyangyaɗi da rana, idanunta biyu kowanne na nasa yawo. In ka same ta zaune a ƙasan keji, ko riƙonta ya yi sako-sako, to ciwo ya yi nisa.

Kejin ya zama na raga, irin wayar sauro da ake sa wa taga, domin iska ta ratsa. Kafinta ya haɗa mini nawa, faɗi santimita 60, tsayi 120. Bokitin roba da akwatin gilashi duka tanda ne a ƙasarmu, ga shi in ta ga inuwarta a gilashi sai ta zaci abokiyar gaba ce. Ita kaɗai take zama, kada ka ji tausayin kaɗaici ka haɗa mata 'yar'uwa. Ga mai rauni, a makon farko ka sa rassa ƙasa-ƙasa, ka shimfiɗa tawul a ƙasa saboda faɗuwa. Ganye kuwa ka cika shi har sai kai ma ka sha wahalar hango ta. Na yi amfani da gwaiba da mangwaro da zogale, har da rama. Duk da an ce hawainiya ta kiyayi rama, tawa a kan ramar ta fi son kwana. Ka guji tumfafiya da cini-da-zugu da duk wani mai farin ƙaro. Ƙafafun kejin ka tsoma su a gwangwanayen ruwa, in ba haka ba tururuwa za su bi warin ciwon su same ta cikin dare.

Ruwa ya fi abinci gaggawa, kuma a nan ne mutane suka fi kashe ta ba da sani ba. Hawainiya ba ta shan ruwa a kwano. Sai ta mutu da ƙishirwa ga ruwa a gabanta, domin abin da ta sani shi ne raɓa da ɗigon ruwan sama a kan ganye. Ka samu gorar roba ka huda gindinta da allura, ka ɗora a saman keji ta riƙa ɗiga a kan ganyen da ke kusa da inda take zama, kamar ɗigo ɗaya a daƙiƙa. Sannan ka fesa ganyen safe da yamma, minti biyu ko uku kowane karo, da sabuwar kwalbar feshi irin ta masu aski. Wadda aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki, ko an wanke ta sau ɗari, kada ta kusanci kejin. Ganyen za ka fesa, ita ka bar mata fuskarta. Kada kuma ka buɗe mata baki ka ɗura da sirinji: ƙofar numfashinta a ƙasan baki take, ruwan zai wuce huhu. Yadda za ka san ta sha kuwa, kashinta za ka duba. Yana fitowa da wani farin abu a jiki, shi ne fitsarinta. Fari tas, ruwa ya wadata. Ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan goro, ƙishirwa ce, musamman in ido ya faɗa ciki. Na tawa sai a kwana na tara ya yi fari.

Ciwon ƙafar da ruwan gishiri na leda na wanke shi, irin na ƙarin ruwa da ake sayarwa a kemis. Bayan nan na tsarma aidin, wato Betadine, da ruwa har ya yi kalar shayi marar kauri, ina ɗiga mata da auduga sau ɗaya a yini, cikin minti ɗaya na gama na mayar da ita. Dettol da Izal da kananzir da man zafi duk guba ne a jikinta. Maganin mutum ko na kaji kada ka gwada da ka, dabbar da nauyinta bai kai na ƙwai biyu ba ɗan kuskuren awo ya ishe ta. Idon da ya rufe ƙasa ce ta shiga, ɗigon ruwan gishirin nan na kwana uku ya buɗe shi. In ka ga ta kumburo ido tana juya shi tana goga wa reshe na ɗan lokaci, wanke shi take yi. Fatar masu jan ciki ba ta saurin warkewa, sai ta yi saɓa sau ɗaya ko biyu tabon ke rufewa. Saɓar ma kada ka ɓare mata, ka dai ƙara feshi, ka duba kada wani zobe ya maƙale a yatsa ko bakin wutsiya ya tsuke jini.

Akwai abubuwan da suka fi ƙarfin gida. Cizon mage, ko da huda ɗaya ce ƙarama, yana shigar da ƙwayoyin cuta masu kisa cikin 'yan kwanaki. Haka karaya, da harshen da ya fito ya ƙi komawa, da kumburin leɓe mai mugunya kamar cuku, da ɗaga kai sama tana numfashi da baki ga kumfar majina. Waɗannan sai likitan dabbobi. Ba kowane ne ya saba da irin wannan dabba ba, don haka asibitocin koyarwa na tsangayar likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, su ne inda zan fara nufa. Ka kai ta a kwali mai duhu da huji-huji, da sanda a soke ta riƙe, harshen kuwa ka riƙa jiƙa shi har ku isa.

Rana magani ce, amma ta safe. Ina fitar da kejin daga ƙarfe 8 zuwa 10, rabinsa a inuwa domin ta zaɓa da kanta. Hasken rana kai tsaye ne ke sa jikinta ya iya ɗaukar sinadarin kalsiyam, kuma ɓangaren hasken da ke wannan aiki ba ya ratsa gilashin taga. Wadda aka kulle a ɗaki wata da watanni ƙashinta laushi yake yi, ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya zama kamar roba, harshe ya daina kai wa ƙwaro. Wurin shan ɗumi ya tsaya wajen digiri 30, sauran kejin ƙasa da haka. A watan Afrilu, in ka ga ta yi fari ta buɗe baki tana gangarowa ƙasa, zafi ne, maza ka kai ta inuwa ka rataya jiƙaƙƙen buhu a gefen keji. Da hunturu ka shigar da ita ɗaki da dare, nesa da hayaƙin gawayi da maganin sauro.

Abinci kada ya ɗaga maka hankali da wuri, tawa kwana shida ta yi ba ta kalli komai ba. Rai take ci, abin da ke motsi: fara, gyare, ƙuda, shinge in lokacinsa ne. Girman ƙwaron kada ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunta. Daga gonar da aka yi wa feshi ba a kamowa, kuma farar tumfafiya, wadda mu ma ba ma ci, ita ma guba ce gare ta. Farar da za ta ci kuwa nakan tsare ta kwana ɗaya in ba ta ganyen zogale da karas, sannan in barbaɗa mata garin ɓawon ƙwai da na dafa, na shanya, na daka ya yi laushi kamar hoda. Uku zuwa biyar duk bayan kwana biyu sun ishi babba. Gyaren da ya rage ka fitar da shi kafin dare, yana cizonta tana barci. Ranar da ta fara ci ina laɓe bayan zane. Idanun nan biyu suka daina yawo suka haɗu a kan fara ɗaya, ta yi ɗan rangaji gaba da baya, baki ya buɗe kaɗan, sai kawai na ga fara ta ɓace daga reshen da ya fi tsawon jikinta nisa.

In mace ce ta yi ƙiba, tana sauka ƙasa tana tono ta ƙi abinci, ƙwai take son sakawa. Ka sa mata bokiti mai yashi mai danshi zurfin santimita 25 zuwa 30, ka tafi ka ba ta wuri. In ta ga ana kallo sai ta fasa ramin, ƙwan ya maƙale mata a ciki.

Irin waɗanda Turawa ke kiwo a gida, kamar ta Yaman mai doguwar hula da ta Madagaska mai launuka, yawanci a keji aka ƙyanƙyashe su, ba a sakin su a daji. Tamu ta daji ce, keji ba ya karɓarta na dogon lokaci. Da tabon ya rufe, ta iya rataye da ƙafar nan ita kaɗai, sai na tambayi yaran inda suka samo ta. Na kai ta can da la'asar sakaliya, lokacin da suke makarantar allo, na jingina sandar da take kai da reshen gwaiba na koma gefe. Ta fi minti goma kafin ta ɗaga ƙafar farko.