Yadda Shugaba Zai Riƙa Murna da Ƙananan Nasarorinsa

Duk wanda ke jagorancin jama'a a Damagaram, ko mai unguwa ne a Birni ko shugabar ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli a Zango, ya san cewa koke-koke sun fi godiya saurin iso masa, kuma wanda kunnensa bai saba jin komai ba sai ƙorafi, gwiwarsa kan yi sanyi tun aiki bai yi nisa ba.

Saboda haka ka tanadi ɗan littafi, kowace Alhamis bayan la'asar ka rubuta abin da ya kammalu a makon, komai ƙanƙantarsa. Idan famfon unguwa ya gyaru, ka je da kanka ka tsaya, ka ga jarkoki jere suna cika, yara suna tura amalanke zuwa gida. A ganina wannan kallon ya fi kowane rahoto ƙarfafa zuciya, musamman a garin da ya san ƙishin ruwa.

Daga nan ka yi hamdala, ka tara waɗanda suka sa hannu, ka ambaci kowa da sunansa, a raba goro, a sha shayi. Kada ka taɓa kuɗin asusun ƙungiya don wannan zama, ka fitar daga aljihunka.